Ranar da Yakura Ta Bi Ɗiyar Fari Har Gidimuni

A Gure ba a tambayar inda Yakura take, hanci ake ɗagawa. In ƙamshin kajiji da sandal ya taso daga wajen famfo, to tana can tana ɗiban ruwa. In ya taso daga bakin kasuwa, tana can tana faɗa da mai gawayi a kan ya cika mata buhu da gari. Shekara ashirin tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, har ƙamshin ya shige mata fata, ko wanka bakwai ta yi ba ya fita. Ita kaɗai ce a garin ba ta san da wannan ba, don nata hancin ya daɗe da sabawa. Shi ya sa baiwar Allah take ganin duk ƙasar Damagaram babu wanda ya kai ta iya laɓe.

Ƴar Gamu ce, daga gidan Mangawa. A wurin kakarta ta koyi sana'ar, aure ya kawo ta Gure gidan Lawali mai kanti, mutumin Damagaram, mai sanyin magana da tsokana a ƙarƙashi. Gajera ce, mai saurin tafiya, in ta yi magana a tsakar gidanta maƙwabta uku ke amsawa. Allah ya ba su ƴaƴa biyar, kuma duk biyar ɗin suna raye, abin da ba kowace uwa ke iya faɗa ba a shekarun nan. Yakura ba ta taɓa cewa iyawarta ce ba. "Allah ne," take cewa. Amma yadda take faɗar "Allah ne" ɗin, kai ka san ta ɗan ware wa kanta kaso.

Kuma tsakani da Allah ta yi aiki. Ruwa ba ya shiga randarta sai ya bi ta farin ƙyalle, tun kafin masu yaƙi da kurkunu su fara yawon ƙauyuka suna koya wa mutane tacewa. In yaro ya fara zawo, kafin ya koma bayan ɗaki karo na biyu ta dama masa ruwan gishiri da sukari. Karnen rigakafin yaran, wato katunansu na allura, a gwangwanin turare take ajiye su, har madam ɗin likita, wato asibiti, takan rufe ido ta shinshina tarin karne ta zaro na gidan Lawali, mata na ta shewa. Shekarar da sanƙarau ya shigo, ita ce ta farko a layin allura. Ta jera nata biyar, ta haɗa da huɗu na maƙwabciyarta Habsu, waɗanda ta kwaso ba tare da ta tambayi uwarsu ba.

Sai dai ba ta yarda a mai da yaro ƙwai ba. A gidanta ɗan shekara biyar ya san sunan ubansa da na unguwarsu, ana aikensa sayen ashana. Ɗan bakwai yana hura wuta, mace ko namiji, kuma an nuna masa yadda ake kashe ta. Ɗan tara shi ke wanke rigarsa. In Habsu ta ce, "Haba Yakura, namiji da muciya?" sai ta ce, "To ranar da na mutu ɗanyen gero zai tauna?"

Tana da wata jarrabawa da take yi wa kowane yaro. Sai ta kai shi tsakiyar kasuwa, ta saki hannunsa, ta ruga ta ɓuya bayan buhunan kanwa don ta ga ko zai iya kai kansa gida. Ba wanda ya taɓa nufar gida. Kowanne sai ya ɗaga hanci, ya miƙe sak har bayan buhunan, ya ja mata zane ya ce, "Inna, mu tafi." Ita kuwa ta dawo tana cika baki wurin Habsu: "Kin ga basira? Cikin mutum dubu ya gano ni!" Habsu takan cusa bakin gyale a baki kada dariya ta kuɓuce mata.

Duk wannan a kan ƙananan huɗun ne. Babbar, Sa'adatu, ita sha'aninta daban ne, don ɗiyar fari ce. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yawanci da an yaye shi kaka ke ɗaukewa, kowa ya huta. To kakannin Sa'adatu mata duk sun riga mu gidan gaskiya kafin yaye, sai yarinya ta zauna a hannun uwarta. Wasu matan sukan sassauta in shekaru sun ja, ban da Yakura, wadda ta riƙe kunyar nan da hannu bibbiyu yadda kakarta ta riƙe. Shekara goma sha shida sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, "yarinyar gidan nan" take cewa. Ita ma Sa'adatu ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata, yadda ta taso ta ji ƙannen uwar na faɗa.

To ta yaya ake tarbiyyar yaron da ba a yi wa magana kai tsaye? Yakura ta samo hanya, randa take yi wa magana. Sai ta tsaya a gindin randar tsakar gida ta kama ƙugu ta ce, "Ke randa, mai fita da rana tsaka ba gyale, in ciwon kai ya kama shi kada ya zo yana yi mana nishi." Sa'adatu ta koma ɗaki ta ɗauko gyale. Randar nan ta sha wa'azi. Ta ji yadda ake tsallaka kwalta, ta ji yadda ake gane naman da ya kwana, ta ji abin da ake ce wa namijin da ya tare mutum a hanyar lakwal, wato makarantar boko. Da randa na zana jarrabawa, da tuni tana aiki a likita. Kuma a faɗi gaskiya, a cikin biyar ɗin nan babu wadda Yakura ke so kamar wadda ba ta kiran sunanta. Son ne ya rasa ƙofar fita, ya taru a ciki ya zama fargaba.

Daminar 1996 sakamako ya fito. Sa'adatu ta ci jarrabawar ƙarshen koleji, an ba ta gurbi a lise, babbar sakandare, can Damagaram. Masauki ba matsala ba ne, gwaggonta Hajara na can. Amma Lawali ya kafa sharaɗi.

"Damagaram ba Gure ba ce," in ji shi. "Ni ba zan riƙa rufe kanti kowane hutu ina kai ta ina ɗauko ta ba. In za ta iya shiga mota ita kaɗai ta kai kanta gidan Hajara, ta yi karatunta. In kuwa sai an raka ta, to ba ta isa zaman birni ba, ta zauna nan ta koyi keken ɗinki. Ko inuwar ɗan rakiya na ji an gani a bayanta, magana ta ƙare."

Lawali ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta. Yakura ta taɓe baki.

"Malam, a gidan nan wa aka taɓa rakawa? Ƴaƴan gidan nan ko Agadas aka aike su za su je su dawo."

Ta faɗa da ƙarfin da ya sa maƙwabta uku suka ji, kafin magariba rabin Gure ya san sharaɗin. Sannan ta shiga ɗaki tana ta safa da marwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka sati guda randa ba ta huta ba. Ke randa, ba a shan ruwan tasha. Ke randa, ba a karɓar abinci a hannun wanda ba a sani ba. Ke randa, kuɗin mota a lalita, lalita a ƙarƙashin riga, katin lakwal a inda hannu zai kai, don mutum ba ya fita gari ba takarda. Sa'adatu na gefe tana ninke kaya tana murmushi.

Ranar tafiya, farkon Oktoba da hantsi, yarinya ta durƙusa ta yi wa ubanta sallama, ta zo ta tsaya a bayan uwarta ta ce, "Yaya, na tafi." Yakura na kan turmi tana dakan kajiji, ko juyowa ba ta yi ba. "Allah ya tsare matafiya," ta ce wa taɓarya. Sa'adatu ta rataya jakarta, ta ɗauki akwatinta ta fita. Yakura ta ƙara daka kaɗan, ta jingine taɓarya. "Gawayi ya ƙare," ta sanar da tsakar gida, alhali ga buhu nan a cike yana kallonta. Ta faɗa gidan Habsu ta ari lafaya, babban mayafin nan da ake naɗe jiki da shi kaf, ta rufe har hanci ta bi lungu.

Niyyarta ta hangi tasha daga nesa ta dawo. Ta kuwa hanga. Ta ga yarinya ta biya kuɗin mota, ta tsaya har aka ɗaure akwatinta a sama, ta ja igiyar ta ji ƙarfinta, sannan ta shiga ta zauna layi na biyu gefen taga. Komai daidai. Mai hankali daga nan zai juya. Amma kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa, sai ƙafa ta kai Yakura wurin direban, Umara, wanda matarsa ta yi shekara goma tana sayen turare a hannunta.

Umara ya ja numfashi ya buɗe baki. "A'a, Yaku..."

"Baƙuwa ce ni daga Kelle," ta tare shi da wata siririyar murya da ta aro. "Bakin gari kawai za ka sauke ni."

Umara ya dubi lafaya, ya dubi sama. "Lale da baƙuwar Kelle. Shiga baya."

Ta shiga ta matse tsakanin buhun dabino da wani dattijo mai rungume da zakara. Tun mota ba ta tashi ba ƙamshi ya cika ta. Mutum sama da ashirin, kusan duk ƴan Gure, kowa ya kafa ido a gaba kamar mai jiran liman ya ta da salla. Dattijon ne kaɗai ya sunkuya ya ce wa zakaransa, "Mutanen Kelle sun ci gaba wajen turare."

A bakin gari Umara ya rage gudu. Yakura ta leƙa ta tsakanin kawuna, sai ta ga Sa'adatu ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Kuka take yi! Yarinyar gidan nan kuka take yi, ga shi ba ta da kowa a mota!

"Wuce, direba, a Gidigir zan sauka."

Ko kusa ba ta kawo a ranta cewa dariya ma na girgiza kafaɗa ba.

A Gidigir masu talla suka yanyame mota. Wata ta turo ƙwaryar fura ta taga, ƙuda na biye da ita, Yakura ta riƙe numfashi. Sa'adatu ta girgiza kai ta yi godiya, ta ciro gorarta ta gida ta kurɓa. Daɗi ya kama Yakura har ta mintsini dattijo mai zakara.

"Ka gani?"

"Na ga me, baƙuwa?"

"Ba komai."

Nan ma da ta sauka da an rabu lafiya. Sai ga wani saurayi mai tabarau ya shigo ya zauna kusa da yarinya, ya gaishe ta, ya sake gaishe ta. Gaisuwa har biyu, da rana tsaka!

"Gidimuni, direba."

A Gidimuni akwai shingen jandarma. Umara ya kwashi takardun mota ya shige rumfar shingen, wani jandarma ya zo yana duba na fasinja. Sabon zuwa ne daga yamma, bai san Gure ba balle ƙamshinta. Kowa ya miƙa tasa, har layi ya zo baya.

"Hajiya, takardar shaida."

Yakura ta laluba nan, ta laluba can. Abin da ke jikinta kaf shi ne lafayar aro da ƴan kuɗin gawayi a bakin zane. Matar da ta yi sati tana karanta wa randa darajar takarda ke nan.

"Sauko."

Ta sauko ƙafa ta yi tsami, kai na juyawa, don tunda take ba ta taɓa tafiyar motar da ta wuce Gamu ba.

"Daga ina?"

"Kelle. A'a, Gure."

"Ina za ki?"

"Sayen gawayi."

Jandarma ya juya ya dubi hanyar da suka fito, tafiyar awa biyu cur. "Gawayin Gure ƙarewa ya yi, har da na Gidigir?"

A cikin mota wani ya kasa riƙewa ya fashe, sauran suka bi, har zakara ya tsorata ya yi cara.

"Wa ya san ta a cikinku?" in ji jandarma.

"Mu dai ce mana ta yi baƙuwar Kelle ce," in ji dattijon yana share hawaye.

"To da wa kike tafiya? In babu, nan za ki zauna sai an zo daga gidanku."

Nan fa ido ya raina fata. In ta nuna yarinyar, ta tabbatar a gaban shaidu ashirin cewa rakiya ta yi, karatu ya tashi. In ta yi shiru, a aika wa Lawali ya zo ya karɓe ta a shingen jandarma, karatun dai ya tashi. Ana cewa ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, yau ga uwa ta ja wa ɗiya. Tsoro na gaske ya kama Yakura, ta ji ta tsani ƙafafun da suka kawo ta nan.

Sai ƙofar mota ta buɗe. Sa'adatu ta sauko, ta gyara gyale, ta miƙa katin lakwal da hannu biyu, ta gaishe da jandarma da Faransanci suka ɗan taɓa. Sannan ta juya harshe zuwa Hausa, ta ɗaga murya yadda duk motar za ta ji.

"Ba tare muke ba, shef. Ni kaɗai na fito daga gidanmu, ni kaɗai zan shiga Damagaram. Amma na san baiwar Allah nan. A Gure take, nan wajen kantin Malam Lawali. Gawayi ta fito nema mota ta wuce da ita. In ka yarda, ni zan sa ta a motar komawa."

Jandarma ya dubi goshin yarinya, ya dubi goshin da ke leƙowa daga cikin lafaya, iri ɗaya sak. Wataƙila shi ma ɗan fari ne a gidansu. Ya cije leɓe ya mayar mata da kati.

"Ki yi sauri, madamazel. Kuma a gaya wa mai gawayi ta riƙa yawo da takarda."

Abin da ya biyo baya Yakura ƴar kallo ce kawai. Yarinya ta roƙi Umara ya ɗan jira ta. Ta duba dama da hagu ta tsallaka kwalta, ta je wurin wani kamyo, babbar motar kaya, da ya ɗauko rake za shi Gure. Sai da ta leƙa ta ga direban dattijo ne, kuma akwai wata tsohuwa zaune a gaba, sannan ta yi masa magana. Ta tambayi sunansa ta maimaita. Da ta dawo ta tarar Yakura ta miƙa hannu ga moɗar wani tulu da ke bakin hanya, ƙishi ya mantar da ita wa'azinta. Sa'adatu ta zare moɗar a hankali, ta sa mata gorarta a hannu da ƙullin dabino. Sannan ta dubi tayar kamyon.

"Ke taya, mai jiri ba ya kallon ƙasa in mota na gudu, nesa yake kallo. Kuma ba a sauka ko'ina sai tashar Gure."

"Taya ta ji," in ji Yakura daga cikin lafaya. "To mai gorar fa, me za ta sha?"

"Akwai wata a jaka."

Sa'adatu ta tallafe ta ta hau, ta tattare mata bakin lafaya kada ƙofa ta datse, ta rufe. Ta koma motarsu ta ce wa mai tabarau ya matsa, ya kuwa matsa har yana neman hawa cinyar na gefensa. Aka ɗaga shinge. Yakura ta zura kai ta taga tana bin motar da ido har ta shige bayan itatuwan dabino.

Da la'asar kamyo ya shiga Gure, amma wata ƙaramar mota da ta wuce su a shingen ta riga shi da labari. Lawali na zaune a bencin ƙofar kanti. Yakura ta so ta zaga ta baya, ina, ya riga ya ɗaga hanci.

"Ina gawayin?"

"Ya yi tsada, Malam."

"Haka na ji. An ce har Gidimuni tsadar ta kai."

Ta buɗe baki za ta ce laifinta ne, kada a ɗora wa yarinya, ya riga ta.

"An kuma ce wata ƴar lakwal ta tsinci baƙuwar Kelle a hannun jandarma, ta karɓo ta, ta shayar da ita, ta sa ta a mota. Ni na ce in aka raka ta magana ta ƙare. To na bincika, ban ga wanda ya raka ta ba, ita ce ta yi rakiya." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Wadda ta iya mai da uwarta gida, ai ta iya kai kanta lakwal. Ta yi karatunta."

Yakura ta kama hanci ta saki guɗa a tsakiyar titi. Tana tsakiyar rangaɗawa ta tuna ɗiyar fari ce, sai ta mai da guɗar tari, ta shige gida tana bubbuga ƙirji.

Washegari Umara ya dawo da labarin yarinya ta isa gidan Hajara lafiya, da ƙafarta da akwatinta. Sai a lokacin Yakura ta iya cin abinci, ta ɗauki lafaya ta shiga gidan Habsu.

"To ba ni labari," in ji Habsu. "Yaya kika baro ta?"

"Ni na baro ta? Ita ta baro ni!"

Ta miƙe tsaye ta shiga kwaikwayo. Ta yi tsayuwar jandarma, ta yi carar zakara, ta yi Faransancin Sa'adatu da harshen da ko Faransawa ba su taɓa ji ba, ta yi matsawar mai tabarau har ta faɗa kan tabarma. Habsu ta riƙe ciki tana roƙon a bari haka. Suka yi ta dariya har hawaye. Na Habsu suka tsaya, na Yakura suka ƙi tsayawa.

"Habsu," ta ce, "ko waiwaye ba ta yi ba. Na zura kai ta taga har motar ta ɓace, ko sau ɗaya."

"Ai abin da kika yi shekara goma sha shida kina nema ke nan."

"Shi ne. Shi na nema, kuma na samu, na gode Allah." Ta ja hanci. "Amma da ta ɗan waiwayo."

Habsu ta matso ta zauna kusa da ita a kan tabarma.